Jinyar Mage Mai Ciwon Zuciya a Gida: Jagora ga Mazaunin Legas

Mage gwana ce wajen ɓoye ciwo. Kare idan zuciyarsa ta fara gazawa zai yi ta tari har maƙwabta su ji, amma mage ba kasafai ciwon zuciya ke sa ta tari ba. Sai dai ka ga ta daina hawa katanga, ta ƙara yawan barci, ta bar rabin abincinta, ka ce ai zafin gari ne. Rana ɗaya sai a tarar da ita durƙushe a ƙarƙashin gado, wuya a miƙe, ciki na hawa yana sauka. Wannan jagora na wanda ya riga ya wuce wannan ranar ne: likitan dabbobi ya duba, ya ce zuciya ta gaza, ya rubuta magani, an dawo gida Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, jinya kuma ta dawo hannunka.

Fara da sanin abin da ke faruwa a ƙirjinta

Ciwon da ya fi kama zuciyar mage shi ne kaurin naman zuciya, wanda likitoci ke rubuta HCM a katin asibiti. Bangon ɗakin hagu na zuciya ne ke yin kauri ya ƙandare kamar salkar da ta bushe, sai ya kasa buɗewa ya karɓi jini yadda ya kamata. Jinin da ya rasa wurin shiga sai ya taru a baya, ya matsa wa jijiyoyin huhu, ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhun, ko ya taru a kewayensa cikin ƙirji ya hana shi buɗewa. Wannan ruwan shi ne abokin gabarka. Kusan mage ɗaya cikin bakwai na ɗauke da kaurin zuciya, sai dai mafi yawansu har su tsufa bai kai su ga gazawa ba. Muzuru ya fi mace kamuwa. Maguna 'yan ƙasar waje da ake saye da tsada, irin su Maine Coon da Ragdoll da na Farisa, suna gadonsa, amma magen gida da aka tsinto a bayan shago ita ma bai ƙyale ta ba.

Ciwon ba ya warkewa. Gara ka ji wannan tun yau. Abin da magani ke yi shi ne ya janye ruwan, ya hana jini daskarewa, ya sa ta yi numfashi ba wahala. Wata takan yi 'yan watanni, wata ta haura shekara tana ci tana wasa, kuma babban abin da ke raba su, bayan ƙaddara da nauyin ciwon, shi ne idon mai jinya.

Kafin ka baro asibiti, ko a komawarka ta farko, ka yi wa likita tambayoyi ba kunya. An ɗauki hoton zuciyar da na'urar duban ciki, ko hoton ƙirji kaɗai aka yi? Hoton ƙirji ruwa yake nunawa, hoton zuciya ne ke faɗin irin ciwon. An auna hawan jini? Idan magen ta manyanta, an gwada ƙwayar tayirod ta maƙoshi? Hawan jini da ciwon tayirod kan jawo kaurin zuciya, kuma idan su ne tushen, maganinsu kan sassauta lamarin sosai. Ka tabbatar wanda ke duba ta likita ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, domin a Legas duk wanda ke sayar da abincin kare a shago yana iya amsa sunan dokta. Sai ka karɓi lambar wayarsa, ka tambaye shi kai tsaye: in abu ya taso ƙarfe biyun dare, ina zan nufa?

Mataki na farko: ƙirga numfashi

In da abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan jagora, to wannan ne. Ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne ke nuna dawowar ruwa tun kafin idonka ya ga wahala.

Jira ta yi barci sosai. Ba lokacin da ta kwanta tana lumshe ido tana gurnani ba, domin gurnani na ruɗa ƙidaya, ba kuma bayan ta ci abinci ko ta yi wasa ba, ba a tsakar rana ana zabga zafi ba. Bayan sallar isha, ko da asuba kafin gida ya tashi, ya fi dacewa. Zauna nesa kaɗan, kada ka taɓa ta. Kalli haƙarƙarinta: idan ya ɗaga ya sauka, numfashi ɗaya ke nan, ba biyu ba. Nan ne masu koyo suka fi kuskurewa. Kunna agogon wayarka, ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Idan ka ƙirga 12, tana numfashi 24 a minti.

Mage mai barci da ruwa bai dame ta ba tana yin ƙasa da 30 a minti. Idan ka samu sama da 30, ka sake ƙirgawa bayan ɗan lokaci, domin mafarki ma kan ɗaga shi na 'yan mintoci. Idan ya tsaya a sama da 30, kira likita a ranar, kada ka bari sai gobe. Idan ya haura 40 tana barci, ko ka ga ciki ne ke yin aikin da ƙirji ya kamata ya yi, to shirin tafiya asibiti za ka yi.

A makonnin farko ka ƙirga safe da dare. Bayan ta daidaita, sau ɗaya a rana ya isa. Ka samu littafi ɗan ƙarami, ka ja layuka: kwanan wata, numfashi, ta sha magani ko ba ta sha ba, ta ci ko ba ta ci ba. Amfanin rubutun shi ne ka san lambar magenka ita kanta. Wadda ta saba yin 20 idan ta koma 24, gobe 27, jibi 29, har yanzu ba ta kai 30 ba, amma tafiya take yi zuwa can, kuma likita zai so ya ji. Sau da yawa a wannan gaɓar ɗan ƙarin magani da zai faɗa maka ta waya kan kashe maganar. Ka ɗauki bidiyon numfashin na rabin minti ka tura masa ta WhatsApp. Ya fi dogon bayani.

A garin da tafiya daga Agege zuwa Ikoyi kan cinye awa biyu ko uku idan hanya ta cushe, wannan littafin ne ke sayo maka lokaci. Wanda ya ga matsala tun tana lamba a takarda shi ke zaɓar lokacin fitarsa. Wanda ya jira har ta buɗe baki tana haki, cunkoso ne zai yanke masa hukunci.

Mataki na biyu: magani, da yadda ake ba da shi

Kusan kowace mage mai gazawar zuciya ana ɗora ta kan furosemide, wanda aka fi sani da Lasix. Aikinsa sa ƙoda ta fitar da ruwa ta fitsari. Likitoci kan fara da miligiram 1 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyinta, sau biyu ko uku a rana, sannan su rage ko su ƙara gwargwadon numfashi da lafiyar ƙoda. Lura da wannan lissafi: mage mai kilo 4 rabonta miligiram 4 zuwa 8 ne, ƙwayar da ake sayar wa mutane a kemis kuwa yawanci miligiram 40 ce. Wato ƙwaya guda ta ninka rabonta sau biyar zuwa goma. Saboda haka kada ka bar asibiti sai likita ya raba ƙwayar a gabanka ka gani da idonka, ko ya ba ka na ruwa ya nuna maka layin da za ka tsaya a jikin sirinji. Sayi ɗan abin yanka ƙwaya. Raba ta da reza ko haƙori kan sa yau ta sha da yawa, gobe ta sha gari. Ajiye shi a mazubi mai duhu, haske na lalata shi, laimar Legas kuma na narkar da gutsuren da aka bari a buɗe.

Na biyu shi ne clopidogrel, mai hana jini daskarewa. Abin da aka saba bayarwa kwata ne na ƙwaya mai miligiram 75, sau ɗaya a rana. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna ya fi asfirin hana gudan jini sake dawowa a jikin mage, shi ya sa likitoci suka karkata gare shi. Matsalarsa ɗaci. Idan gutsuren ya taɓa harshenta za ka ga kumfa da dalala na zuba, hankalin gida ya tashi, alhali ba guba ba ce, ɗacin ne kawai. Dabarar ita ce a cusa gutsuren cikin kafso wanda ba komai a ciki. Wasu likitoci kan ƙara pimobendan, ko benazepril, ko spironolactone, gwargwadon abin da hoton zuciya ya nuna. Kada ka ga wani a intanet yana yabon ɗayansu ka sayo da kanka, domin maganin da ya taimaki zuciyar wata yana iya cutar da taka.

Saye kuwa a babban kantin magani mai lasisi, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. Ba na ganin hikimar sayen maganin zuciya a tiren da ya wuni a rana a bakin tasha, ko da rabin kuɗi ne.

Yanzu ga bayarwar. Fara da hanya mai sauƙi: ɓoye gutsuren cikin ɗan dunƙulen dafaffen naman kaza da bai kai girman gyaɗa ba, ka ba ta kafin abinci tana jin yunwa. Ka fara ba ta dunƙule ɗaya ba magani, sai mai magani, sai wani ba magani da sauri. Kada ka daka magani ka barbaɗa cikin kwanon abincinta gaba ɗaya: za ta ƙi abincin, kai kuma ba za ka san nawa ta sha ba.

Idan ta gano dabarar, sai a koma ga tawul. Na ga yadda wata uwa da 'yarta ke yi a wani gida a Agege, kuma ban ga abin gyarawa ba. Yarinyar kan shimfiɗa tawul a kan tabarma, ta ajiye magen a tsakiya fuskarta na kallon gaba, ta naɗe ta har ƙafafun gaba su shige, kai kaɗai a waje, ta rungume ta a cinya ba tare da matse ƙirji ba. "Umma, na riƙe, bismillah." Uwar sai ta ɗora hannun hagu a kan magen ta sama, babban yatsa da manuni a ƙasan ƙashin kumatu, ta ɗaga kan har hanci ya kalli rufi. A haka muƙamuƙin ƙasa kan saki da kansa. Da yatsan tsakiya na dama ta danna ƙananan haƙoran gaba na ƙasa, ta jefa ƙwayar can ƙarshen harshe, ta rufe bakin, ta sauke kan, tana shafa maƙogwaro. "Ta lashi hanci?" "Ta lasa, Umma." Lasar hanci alama ce ta haɗiye. Sai a bi da ɗan ruwa, kamar rabin ƙaramin cokali zuwa ƙaramin cokali guda, da sirinji marar allura ta gefen baki a hankali, don kada ƙwayar ta maƙale a hanya. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba, kuma gajartarsa ce amfaninsa.

Amma ga iyaka: idan tana numfashi da ƙyar, ba a kokawa da ita, ba a ɗura mata komai. Tsoro da kokawa kaɗai na iya ƙarasa mage a wannan hali. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A irin wannan lokaci allura take buƙata a asibiti.

Ɗaura lokacin magani da abin da ba ya wuce ka, misali bayan asuba da bayan magariba, tazarar ta kusa awa 12. Mutum ɗaya ya zama mai alhakin bayarwa, kowa kuma ya duba littafi kafin ya taɓa kwalba, don kada Yaya ya ba ta, Anti ma ta zo ta ba ta. In an manta sau ɗaya, ba a ninkawa a na gaba. In ta yi amai bayan sha, tambayi likita kafin ka sake. Kuma kada ka tsayar da furosemide don ka ga ta warware. Warwarewar aikin maganin ne, ranar da ka daina ruwa zai fara dawowa.

Akwai magungunan da ba sa kusantar mage ko da wasa. Farasitamol kashe ta yake yi, ƙwaya ɗaya ta isa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibuprofen da diclofenac suna lalata ƙoda, balle ga wadda ke kan maganin fitsari. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma a bar wa masu su. Duk wani likitan da zai duba ta kan wata larura dabam, ka fara gaya masa tana da ciwon zuciya, domin ƙarin ruwa ta jijiya da allurar sitiroyid suna iya tayar da ruwan huhu.

Mataki na uku: ci da sha

Ruwa ya kasance a gabanta dare da rana, a kwano biyu ko uku. Wasu kan yi tunanin tunda ruwa ne ya taru a ƙirji sai a rage mata sha. Wannan babban kuskure ne. Maganin na fitar da ruwa, idan aka hana ta maye gurbinsa ƙoda ce za ta biya. Za ka ga tana yawan sha da yawan fitsari, haka ake so. Ajiye robar yashinta kusa da inda take kwana, mai gajeren baki da ba sai ta yi tsalle ba, ka riƙa kwashewa sau biyu a rana.

Wajen abinci, gishiri ne abin gudu, kuma gidajenmu cike suke da shi ta inda ba a zato: kilishi, tsire, balangu mai yaji, busasshen kifi, kifin gwangwani mai ruwan gishiri, romon da aka jefa wa dunƙulen ɗanɗano, ragowar taliyar yara. Miya kuma ga albasa da tafarnuwa, waɗanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage. Duk wannan a daina miƙa mata daga kan faranti, a kuma gaya wa yara dalili.

Mafi sauƙi shi ne cikakken abincin mage na kanti, musamman mai laima na cikin leda ko gwangwani. Ka tabbatar na mage ne. Abincin kare, ko shinkafa da mai da ɗan romo, ba su da isasshen taurin (taurine), wani sinadari da ake samu a nama, wanda jikin mage ba ya iya haɗa abin da zai wadatar da shi. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano rashin taurin na sa zuciyar mage ta saki ta yi laushi, tun daga nan kamfanoni suka ƙara shi cikin abinci, irin wannan ciwon ya ragu ƙwarai a can. A nan inda mage da yawa ke rayuwa kan ragowar tukunya, batun bai mutu ba. Faɗa wa likita gaskiyar abin da take ci. Idan rashin taurin ne tushen, wannan na daga cikin 'yan nau'o'in da zuciya kan farfaɗo. Idan dafawa kake yi a gida, zuciyar kaza ko ta saniya da naman cinyar kaza suna da taurin sosai, kuma wanda ke kusa da mahautar Oko-Oba ba zai sha wuyar samun sabo ba. Dafa ba gishiri, ka haɗa mata da ruwan dahuwar. Sai dai nama zalla ba cikakken abinci ba ne, likita ya faɗa maka abin da za a ƙara.

Duk da haka, ci ya fi komai. Mage da ta ƙi abinci marar gishiri ta zauna da yunwa ta fi shiga haɗari a kan wadda ta ci abincinta na kullum. Idan ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci, kitse kan taru a hantarta ya zama wani ciwon dabam. Ɗan ɗumama abincin ƙamshi ya tashi, ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar. In ta cika awa 24 ba ta ci ba, kira likita, domin rashin ci a jikin mai shan furosemide na iya nufin ruwan jikinta ya ƙafe ko ƙoda ta fara kuka. Auna nauyinta sau ɗaya a mako a sikelin jarirai ko na kicin. Raguwar giram 200 ko 300 a jikin mai kilo 4 ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na huɗu: ɗakin da take kwana

Zaɓi ɗaki mafi sanyi da iska, nesa da hayaniyar yara da baƙi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafi da laima ke haɗuwa, ka bar mata tayil ko siminti ta kwanta, ga fanka na juyawa ba a kanta kai tsaye ba. Fanka mai caji na da rana a nan, domin wuta ba ta sallama in za ta tafi. Janareto kuwa ya yi nesa da tagarta.

Huhun da ke fama da ruwa ba ya son hayaƙi. Turaren wuta, wanda ba a raba matan gidanmu da shi, a yi shi a wani ɗakin a rufe ƙofa. Igiyar leƙo da feshin maganin sauro haka. Sniper da ota-fiya-fiya kam kada su shiga inda take, kuma maganin ƙuma na kare mai sinadarin permethrin guba ne ga mage. Raga a taga ita ce maganin sauron da ba ya cutar da ita.

Ta daina fita waje. Kora daga kare ko jifa daga yaran unguwa, a garin da wasu har yanzu ke yi wa mage kallon maita, ya isa ya jefa ta cikin matsala. A cikin gida kuwa kada ka hana ta motsi, ita ta san iyakarta. Sauko mata da kwano da shimfiɗa ƙasa, shi ke nan.

Ranar da abu ya ɓaci

Mage ba ta haki da baki a buɗe haka kawai. In ka ga haka, ko ta durƙusa ta ware gwiwoyin gaba ta miƙa wuya ta kasa kwanciya a gefe, ko ka ɗaga leɓenta ka ga dasashi ya yi fari ko shuɗi-shuɗi maimakon ja-ja, ko ta yanke jiki ta faɗi, to ba lokacin tura saƙo ana jiran amsa ba ne. Buga waya kana tafiya, don su haɗa iskar oksijin kafin ka iso. Idan ruwan a kewayen huhu yake, zuƙe shi da allura ne mafita, kuma sau da yawa nan take takan samu sauƙi.

Akwatin ɗaukarta ya zauna a buɗe cikin ɗakin kullum da tsumma a ciki, ta saba shiga da kanta, don kada ranar gaggawa a yi ta farautarta a bayan kujera. In ba ka da shi, kwali mai ƙarfi da aka huda ya wadatar. Buhu ko jakar goyo a rufe, a'a. Lulluɓe rabinsa da yadi marar nauyi. Shiga mota mai sanyi ko ka sauke gilashi, kada a sa ta a but. Danfo da zafinsa da ihun kwandasta ba wurinta ba ne, acaɓa kuma ko ba don girgiza ba, tun 2022 gwamnatin jiha ta hana shi a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi. Tun yau ka san maƙwabcin da zai tashi ya tuƙa ka da dare. Ka kuma san asibitin dabbobi mafi kusa da gidanka ko da ba nan ake duba ta ba. Ƙwararren da ke tsallaken gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 ba zai amfane ka da ƙarfe shidan yamma ba.

Ɗaya masifar ita ce gudan jini. Yakan ƙullu a cikin zuciya, ya ɓalle, ya toshe babbar jijiya daidai inda ta rabu zuwa ƙafafun baya. Farat ɗaya sai ka ji kuka mai tsanani, tana jan ƙafafun baya, ka taɓa su ka ji sanyi, tafinsu ya dushe. Mutane kan zaci faɗowa ta yi ko karaya. Kada ka murza ƙafar, kada ka gasa ta da ruwan zafi, kada ka ba ta maganin ciwon jiki na mutane. Ciwon na da zafi ƙwarai, kuma maganin zafin da ya dace a asibiti kawai yake.

Komawa asibiti, da abin da ke gaba

Bayan fara furosemide, ko duk lokacin da aka ƙara shi, akan gwada jini cikin mako ɗaya zuwa biyu don duba ƙoda da sinadarin fotasiyam. In fotasiyam ya yi ƙasa za ka ga kasala, wani lokaci wuyanta ya lanƙwashe ƙasa ta kasa ɗaga kai. Bayan ta daidaita, komawa duk bayan 'yan watanni ya isa. Tafi da littafinka da kwalaben maganin gaba ɗaya. In aljihu ya yi nauyi, faɗa wa likita ƙarara ya jera maka abin da ba makawa. A ganina maganin kullum da gwajin ƙoda sun riga maimaita hoto. Sayi magani tun saura na mako guda.

Wata rana maganin zai fara gazawa: ana ƙarawa, numfashi na hawa, ci na raguwa, tana ɓuya. Ka riƙa yi wa kowace rana alama a littafin, mai kyau ko marar kyau. In marasa kyau suka rinjayi masu kyau, zauna da likita ku yi maganar gaskiya kan abin da ya rage, har da allurar da ke kawo ƙarshen wahala. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi kan hukuncin hakan a addini ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun da sauran lokaci, ba a daren da take shure-shure ba.

Saura batun tafiya gida. Sallah ko biki zai taso, Kano ko Sakkwato ko Katsina na kira. Kada ka ɗauki mage mai gazawar zuciya a doguwar mota ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin zafi da girgiza. Bar ta a ɗakin da ta sani, a hannun wanda ya riga ya ba ta magani a gabanka ya kuma ƙirga numfashinta kuka samu lamba ɗaya. Raba masa maganin kowace rana a 'yan ƙananan leda, ka rubuta ranar da lokacin a jiki, ka ƙara na kwana uku ko huɗu saboda dawowa kan ja. Manna lambar likita a bango kusa da akwatin ɗauka, ka bar kuɗin mota da na asibiti a ambulan, ka kuma ce ya riƙa turo maka hoton shafin littafin kowane dare.